Kafin ka ɗauko kilim daga Turkiyya: zanen da ke jiki, labarin mai shago, da abin da kuɗinka ke saye

Lokacin da ake haɗa wa 'yar yayata kayan ɗaki ina shirin tafiya Istanbul sarin kaya, sai Yaya ta ja ni gefe ta ce, "Ƙanina, ka dubo wa 'yarka shimfiɗar falo, amma ban da kafet ɗin nan mai gashi da ke gidan kowa." Abin da take nufi, ko da ba ta san sunansa ba, shi ne kilim, wato shimfiɗar ulu ta saƙar hannu wadda ba ta da gashi ko kaɗan, kamar gwado mai kauri da aka cika da zane. Wannan aiken ya sa na yi kwana uku ina shiga ina fita a shagunan Kapali Carshi, babbar kasuwar nan mai rufi da aka soma ginawa zamanin Sarki Muhammadu Alfatih, da kuma Arasta, 'yar kasuwar da ke bayan Masallacin Sultan Ahmed. Tun daga nan na koma sau da yawa, na sayi na kirki, an kuma taɓa yi mini sakiyar da ba ruwa.

Duk shagon da ka shiga salon ɗaya ne. Za a zaunar da kai, a kawo shayi a ɗan kofin gilashi mai siririn ƙugu, yara biyu su dinga warware shimfiɗu ɗaya bisa ɗaya har tarin ya kai gwiwa. Sai mai shago ya tsuguna, ya ɗora yatsa a kan wani zane, ya ce, "Haji, ka san me yarinyar da ta saƙa wannan take faɗa?" Daga nan ciniki ya fara, kai kuwa kana zaton hira ake yi.

Zanen suna da sunaye na gaske, kuma ya kamata mai saye ya san su (na rubuta su ne yadda kunnen Bahaushe zai ji su). Wanda ya fi kowanne shahara shi ne elibelinde, ma'anarsa hannu a ƙugu: siffar mace ce a taƙaice, jiki mai kusurwa uku, hannaye biyu sun lanƙwaso sun dafa ƙugu. A can alamar uwa ce da haihuwa. Mu kuwa a nan mace ta riƙe ƙugu ka san magana ce za ta biyo baya, shi ya sa da aka fara nuna mini sai da na yi dariya. Abokin tafiyarsa shi ne koc boynuzu, ƙahon rago, layi biyu da suka murɗe waje, alamar namiji, ƙarfi da jarumta. Idan aka haɗa mata biyu da ƙahoni biyu a zane ɗaya, aka sa ido a tsakiya, sunansa bereket. Kalmar ba baƙuwarmu ba ce, albarka ce, tushensu ɗaya a Larabci.

Akwai rukunin aure, wanda masu shago suka fi son ba da labarinsa domin shi ke kama zuciyar baƙo. Sac ba'i shi ne maɗaurin gashi na ado, ana cewa budurwa ce ke nuna ta isa aure. Kupe 'yan kunne ne. Sandik ita ce adakar da yarinya ke tara kayan aurenta a ciki tun tana ƙarama, abin da suke kira ceyiz, kuma kilim ɗin kansa a da yana cikin waɗannan kaya. Wanda ya fi burge ni shi ne buka'i, dabaibayin da ake sa wa doki a ƙafafun gaba don kada ya yi nisa da makiyaya. Mutanen da dukiyarsu dabba ce suka ɗauki dabaibayi suka mai da shi alamar zaman aure da haɗin iyali. Duk wanda ya taɓa kiwo ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Rukuni mafi yawa shi ne na tsari. Makiyayan Anatoliya, wato ɓangaren Turkiyya da ke Asiya, waɗanda ake kira Yoruk, suna tsoron kambun baka da mugun ido, suna tsoron abin da zai faɗa wa garke da dare, sai suka zuba wannan tsoro cikin saƙa. Goz ido ne, siffa mai kusurwa huɗu da aka tsayar a kan tsininta, da ɗigo a tsakiya. Muska laya ce mai kusurwa uku. Cengel ƙugiya ce. Kurt azi bakin kyarkeci ne, akrep kuma kunama, ana saƙa siffar abin tsoron don a kore shi. Hannu mai yatsu biyar ma yana ciki, haka matsefi, wanda ake dangantawa da tsare aure da haihuwa. Sai pitrak, wata ƙaya mai maƙalewa a ulun tumaki da tufafi, 'yar'uwar ƙarangiyarmu ke nan. Ita aiki biyu take yi: tana kama mugun ido yadda take kama zani, kuma tana nufin yalwa, domin Baturke idan zai ce bishiya ta yi 'ya'ya jingim yakan kwatanta ta da pitrak. Ragowar kuwa ba sa buƙatar tafinta: su yolu hanyar ruwa ce mai tafiya a karkace a gefen shimfiɗa, hayat a'aji bishiyar rayuwa, yildiz tauraro, wani lokaci mai tsini shida irin wanda suke kira hatimin Annabi Sulaiman.

Inda labarin ke wuce gona da iri

Sunayen nan gaskiya ne. Abin da ba gaskiya ba shi ne a ce kowace shimfiɗa wasiƙa ce da masaƙiya ta rubuta, mai shago kuma ya iya karanta ta tiryan-tiryan. Ka je Zariya ka tambayi maɗinkin babbar riga ma'anar aska takwas. Zai gaya maka sunanta da yadda ake fitar da ita, ya ce haka maigidansa ya koya masa. Mata masu saƙar kilim ma haka suke, yarinya ta gani a wurin uwarta da kakarta ta kwaikwaya. Zane ɗaya yakan sauya suna daga wannan ƙauye zuwa na gaba, abin da waɗannan suka kira kunama waɗancan su kira shi wani abu dabam.

Har siffar zanen ma ba duka ce ta fito daga ma'ana ba, saƙar ce ke tilasta ta. A kilim, zaren kwance mai launi yana zuwa iyakar launinsa ne ya juyo, na kusa da shi ma ya juyo daga nasa ɓangaren, sai a bar 'yar tsaga a tsakani. In layin tsaye ya yi tsawo tsagar za ta yi tsawo, shimfiɗar ta yi rauni. Don haka masaƙiya take tafiya da zanenta a karkace ko hawa-hawa kamar matakala. Wannan ne ya sa mace da kunama da tsuntsu duk suka koma masu kusurwa, kuma shi ya sa ido ɗaya zai ga mace a zane, wani ya ga tulu.

Za kuma ka ji an ce maka zanen nan sun kai shekara 9,000, tun zamanin wata gunkiya da ake bauta wa a Catalhoyuk, tsohon garin da ke kusa da Konya. Tushen wannan magana wani Baturen Ingila ne, James Mellaart, wanda ya yi tonon tarihi a wurin daga 1961 zuwa 1965. A 1989 ya fito da wasu zane-zane ya ce kwafin abin da ya gani ne a bangayen garin, kuma sun yi kama da kilim ƙwarai. Masana saƙa suka nemi hotunan kyamara babu, suka duba rahotanninsa na farko ba su ga zanen a ciki ba. Ya rasu a 2012, da aka binciki takardunsa a 2018 kuma sai aka tarar da shaidar cewa ya ƙirƙiri wasu abubuwan da ya danganta ga mutanen da. Labarin dai bai mutu a kasuwa ba, domin yana sayar da kaya. Ka sha shayinka, ka saurara, amma kada ka ƙara ko lira ɗaya a kan farashi saboda shi.

Amfanin sanin zane a wurin mai saye dabam ne. Kowane yanki yana da zanensa da launinsa, to idan aka ce maka wannan ta wuri kaza ce, kana da abin gwadawa. Na yankin Konya manya ne, sau da yawa ƙasarsu fara-fara, da manyan siffofi masu kusurwa shida a jere. Na Yunju da ke Balikesir launi kaɗan ne, ja mai duhu da shuɗi mai duhu, ba hayaniya. Na Malatya da Wan da Hakkari, inda Kurdawa suka fi saƙawa, launinsu a cike yake da duhu, kuma sukan sa farar auduga don farin ya fito tas. Erzurum da Obruk sun yi suna a na salla masu siffar mihrabi. Manyan na da kuma yawanci ƙyalle biyu ne aka saƙa dabam aka ɗinke a tsakiya, saboda masaƙar makiyaya ba ta da faɗi, kamar yadda namu masaƙan ke haɗa ƙwarya-ƙwaryar saƙi. In ka ga zanen ɓarin dama bai haɗu da na hagu daidai ba, wannan ba aibi ba ne. Wadda za ka yi wa kallon tsanaki ita ce wadda aka tara mata komai, ƙahon rago da kunama da bishiya da tsuntsu da adaka, kowanne tsaf kamar an buga da hatimi. Irin wannan don baƙi aka yi ta.

Tsohuwa, matsakaiciya, ko sabuwa

Ta farko ita ce tsohuwar gaske, wadda aka saƙa don amfanin gida tun kafin rinin kanti ya mamaye ƙauyuka. Rinin kanti na farko an haɗa shi a Ingila a 1856, kuma kafin ƙarshen wannan ƙarni ya shiga Anatoliya. Abin da ya riga shi rinin itatuwa ne: ja daga saiwar da suke kira kok boya, ruwan ƙasa daga ɓawon gyaɗar turawa ta bishiya, rawaya daga furanni da ganyaye, shuɗi daga baba, irin dai wanda marinan Ƙofar Mata suke aiki da shi. Kore kuwa sai an tsoma a rawaya an kuma tsoma a shuɗi. Wannan aji shi ne mafi tsada, kuma a ganina bai dace da falon da yara ke guje-guje ba, na rataye a bango ne. Ga kuma doka: Turkiyya ta hana fitar da kayan tarihi a ƙarƙashin dokar 1983 mai lamba 2863, kuma tsohuwar shimfiɗa sai da takardar masana daga gidan tarihi take fita. Mai shagon da ya rantse maka cewa tasa ta haura shekara ɗari amma ya ce ba ka buƙatar takarda, ɗaya cikin maganganunsa biyu ƙarya ce.

Ta biyu ita ce ta ƙauye mai shekara arba'in zuwa tamanin. Nan ne nake ba da shawarar a fi daɗewa ana dubawa. Ulun na kaɗin hannu ne, zanen na yankin ne ba na ɗan kasuwa ba, farashin kuma bai kai na farko ba ko kusa. Matsalarta rini. A irin wannan zamani an cakuɗa na itace da na kanti, za ka ga ja mai kyau kusa da wani ruwan lemo mai kashe ido, ko shanshanbale da ya koɗe ya koma toka-toka. A nan ne aka yi mini nawa. Na ɗauko wata ƙarama mai zanen dabaibayi a wani shago, mai shagon ya ce ta kakarsa ce. Ranar da yaro ya kifar da kofin ruwa a kanta, jan ya bi farin ya mai da shi ruwan hoda. Da na jiƙa farin hankici na goga mata tun a shago, da minti ɗaya ya ishe ni in gane.

Ta uku sabuwar saƙa ce da aka koma wa rinin gargajiya. Wannan farfaɗowa ta samo asali ne a 1981, lokacin da wani Bajamushe malamin kimiyyar haɗa sinadarai, Harald Böhmer, tare da Jami'ar Marmara suka kafa shirin DOBAG a ƙauyukan Aywajik da Yuntda, suka sake koya wa mata rinin da kakanninsu suka bari. Shirin ya fi ƙarfi a kafet mai gashi, amma ya buɗe ido, masu kilim a wurare irin su Karatepe ta lardin Osmaniye su ma suna kan wannan hanya. Ga mai son abin da za a taka kullum ya kuma daɗe, wannan ita ce zaɓin da ba ciwon kai. Ba ta da ɗinkin gyara, ba asu a cikinta, kuma ba ruwanka da gidan tarihi.

Sai ta kasuwa zalla, wadda ake saƙawa da yawa a wurare irin su Eshme ta lardin Ushak da Kayseri, da zaren inji da rinin kanti. Ba laifi ba ce, rinin kanti na zamani mai kyau ba ya zuba, kuma saƙar hannu ce. Laifin shi ne a sayar maka da ita da kuɗin ta uku. Daga ita sai ta inji, wadda Gaziantep ta ƙware a kai, da waɗanda ake shigowa da su daga Afganistan, Iran, Pakistan da Indiya a jera su a shagunan Istanbul. Wasunsu kyawawa ne, sai dai ba na Turkiyya ba ne, ka tambaya kai tsaye a kuma rubuta maka amsar a rasit. Wanda aljihunsa bai kai ba amma yana son tsohuwar saƙa ya nemi rigunan matashi da ake yankowa daga tsofaffin kilim da suka mutu. Huɗu ko shida a kan kujeru sun isa su canza falo.

Wani abin da ake rikita baƙo da shi shi ne nau'in saƙar. Kilim zalla gaba da baya ɗaya ne, in fuska ta gaji ka juya. Jijim kamar an yi masa surfani yake, amma a kan masaƙa ake nannaɗa zaren adon, kuma bayansa zare ne zaƙo-zaƙo, fuska ɗaya gare shi. Sumak ya fi su kauri da nauyi, shi ma fuska ɗaya, ya fi jure taku, ya fi kuma tsada a yawancin lokaci. Don ƙofar shiga ko wurin da ake jan kujera, sumak ko kilim mai gajerun tsagu. Jijim ya fi kyau a kan gado ko a bango.

Gwajin da za ka yi a shago bai da yawa. Farin hankicin da na ambata na farko. Na biyu ka roƙi a ciro maka sili ɗaya daga geza a kunna masa ashana: ulu ƙaurin babbakar kan rago yake yi ya murmushe, zaren roba narkewa yake ya dunƙule kamar leda, audugar da ake sayarwa da sunan siliki kuma ƙaurin takarda take yi. Na uku ka ɗaga ta ga haske ka ga ko asu ya ci, ko an yi ɗinkin gyara. Ka buɗa zaren da farce ka duba cikinsa, in ciki ja wur ne waje kuma ya koɗe fari fat, wataƙila an shanya ta ne a rana ko an wanke ta da sinadari don ta yi kamar tsohuwa. Idan kuma ka ga launi ɗaya yana ɗan sauyawa, shuɗin nan ya yi duhu can ya yi haske a layi-layi, sunan wannan abrash, alamar an rina ulun kashi-kashi ne. Masu sani nemansa suke yi, har ma masu kwaikwayo sun koyi yin sa da gangan.

Zancen salla da laya

Mai saye Musulmi zai yi tambayar da Bature ba zai yi ba. Zanen laya da ido fa? Turkawa kansu sun yi wannan muhawara, har hukumar addinin ƙasar, Diyanet, ta bayyana a 2021 cewa bai halatta a rataya ɗan dutsen nan shuɗi mai ido da nufin tsari ba, duk da cewa ba shagon da za ka shiga ka rasa shi. Mafi yawan masu saƙa yau ado suka ɗauki zanen. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba dai yana da mafita, tunda akwai kilim masu ratsi-ratsi kawai, da masu hanyar ruwa da taurari da zangarniyar alkama. Ka kuma lura da hac, layi biyu da suka gitta juna. A wurin masaƙa aikinsa raba mugun ido gida huɗu, amma baƙon da ya zo gidanka gicciye zai gani, kuma ba kullum kake nan don yin bayani ba.

Na salla suna zuwa da siffar mihrabi, wani lokaci da buta ko matsefi a sama don tuna tsarki, ko bishiya a tsakiya. Akwai kuma saf, doguwa mai mihrabai da yawa a jere don sallar jam'i a gida. Ni dai mai ƙarancin zane nake zaɓa, saboda hadisin nan na mayafi mai zane da Manzon Allah (SAW) ya mayar wa Abu Jahm don ya ɗauke masa hankali a salla. Kuma kilim siririya ce, a kan tayil gwiwar dattijo za ta ji jiki, sai an sa wani abu mai taushi a ƙasa.

Tayil ɗin ma yana sa ta zamewa, don haka ka haɗo da shimfiɗar roba ta ƙarƙashi. A wajen ƙurar hunturu kuwa ta fi kafet mai gashi sauƙi nesa ba kusa ba, mutum ɗaya zai ɗaga ta ya kakkaɓe. Abokan gabanta asu ne in an ninke ta an manta a sito, da danshin damina in ƙasan ɗakin na tsattsafo, da ranar da ke faɗowa ta taga wuri ɗaya kullum. Kada a ba mai wanki ya sa mata ruwan zafi ko bilic. Tana ninkuwa ta shiga akwati, abin da ɗan kasuwa mai lissafin kilo a filin jirgi zai yaba.

Ta 'yar tawa, sabuwa na ɗauko mai rinin itace, saƙar yankin Konya, ƙasarta fara, gefenta hanyar ruwa, tsakiyarta kuma mata masu hannu a ƙugu a jere sahu uku. Da na warware ta a tsakar gida na fara zuba bayani yadda na ji a shago, Yaya ta sunkuya ta daɗe tana kallo, sannan ta ɗago ta ce, "Yanzu kai duk faɗin Santambul ka rasa abin kai wa ɗakin amarya sai matan da suka riƙe ƙugu?" Na ce alamar haihuwa ce, Yaya. Ta ce to Allah ya sa, amma a shimfiɗa ta yadda kawunansu za su kalli bango, kada dangin miji su lura.